Gwangwanin Shayi

Mahaifina, Shalva, yana ɗan sha shida
ya fara ɗaure kusoshi a masana'antar manyan motoci ta Kutaisi.
Albashinsa na fari ko alawa bai saya da shi ba.
Ya shafe takardun da tafin hannu,
ya kwantar da su a gwangwanin shayi
kamar mai shimfiɗe jariri.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi.
Shekara talatin yana ciyar da gwangwani,
takalmi ɗaya, faci kan faci,
har ranar da ƙasa ta sake riga,
kuɗin suka mutu a kwance,
ba zazzaɓi, ba jinya, ba zaman makoki.
Bai zubar ba.
Wa ke zubar da ƙuruciyarsa a bola?

Ni tawa sha shidar a duhu na yi ta.
Lantarki sai ya ga dama,
burodi sai an bi layi tun kafin zakara,
kogin Rioni kaɗai ke wucewa kyauta.
Na ga sakayyar da tanadi ya yi wa tsoho,
na rantse kwabo ba zai kwana a hannuna ba.
Wandon jins nake so, shuɗi, ɗan Turkiyya,
mai tambarin fata a ƙugu.
'Yan kunnen kakata suka biya.
Kwana uku ban zauna ba, kada gwiwar ta saki.
Baba ya dube ni, ya dubi wandon,
ya ɗauki almakashi ya fita
yana yi wa inabinsa aski har magariba.

Yau shekarata tara a Bari,
ina juya uwar wasu a gado,
ina ba ta miya da cokali,
ina turo kuɗi ƙarshen wata
ga 'yar da na bari da giɓi a baki.

Tekle. Bana ta cika sha shida.
Kuɗi a wurinta lamba ce a gilashin waya,
ba ƙamshi, ba nauyi, ba ƙara a aljihu.
Na zo hutu da akwati fal:
farin takalmi, turare, jaka mai sarƙa.
Ta ce an gode,
ta duba farashin kowanne,
kafin Lahadi ta sayar da biyu.
Abin ya soke ni.
Na ce yaran yanzu,
ido sikeli, zuciya kanti.

Daren jiya na iske ta a ɗakin girki,
gwangwanin kakanta a buɗe,
tana ɗaukar hoton matattun kuɗi
ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle.
Wai akwai masu tara irinsu a Osaka, a Toronto,
wanda bai lanƙwashe ba shi ya fi tsada.
Na baba ko ɗaya bai lanƙwashe ba.

Na ɗaga murya.
Na ce gumin mamaci ne wannan,
na ce ba komai ake kaiwa kasuwa ba,
ni, mai 'yan kunne, da bakina.
Ta bari na gama.
Sannan ta juyo mini wayar:
wuta, gas, maganin kaka, kuɗin darasi,
a ƙasa jimillar wata guda, an ja mata layi.

"Farashinki ke nan, Deda.
Na tara na wata huɗu da kwana sha ɗaya.
In ya kai shekara, za ki zauna?"

Butar shayi ta yi ta kuka, ba wanda ya tashi.
Jirgina ranar Alhamis ne.
Na ɗauki takarda ɗaya, ja, ta goma,
na shafe ta da tafin hannu.
Na ce, matso da ita kusa da fitila,
nan hoton zai fi fita.